Mutumin da Ke Tsugune Bayan Mai Bugu: Labarin Roy Campanella

  

Yau Amurka za mu tafi, mu shiga wani filin wasa wanda galibinmu ba mu saba da shi ba, wato filin besbol. Na san wani zai ce, me ya haɗa mu da wasan da ba ma yi, ba ma kallo? Ku yi mini haƙuri kaɗan. Mutumin da zan ba ku labarinsa, mai suna Roy Campanella, ya yi shekara 10 a babbar gasar ƙasarsu yana tsugune bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, sa'an nan ya yi shekara 35 a kan keken guragu, kuma cikin halayen nan guda biyu, waɗanda a zahiri babu abin da ya haɗa su, sana'a ɗaya ya riƙe bai sake ta ba. Abin da nake so mu fahimta tare ke nan. Sana'ar mai cafe ƙwallo ilmi ce. Ilmi kuwa daga bakin malami ake ɗaukarsa, a kuma miƙa shi ga na baya.

Bari mu fara da wasan kansa, domin wanda bai san fili ba ba zai gane darajar masu tsaronsa ba. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Ɗaya tana tsaron fili, ɗayar tana turo 'yan wasanta bi da bi, kowa da kulkinsa, don ya bugi ƙwallon da za a jefo masa. Ƙwallon ƙarami ne, cikin tafin hannu yake zama, amma yana da tauri ƙwarai. Mai jifa yana tsayawa kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai bugu mita 18 da 'yan kai, kuma gwanaye daga cikinsu sukan sako ƙwallon da gudun da ya haura kilomita 140 a sa'a guda. In mai bugu ya same shi, sai ya yar da kulki ya sheƙa, ya bi ta zango na farko, da na biyu, da na uku, ya komo gida inda ya tashi, kuma wanda ya kewayo lafiya ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa ya kuskure har sau uku, ya fita, na bayansa ya shigo.

To, ƙwallon da mai bugu ya kuskure, ina za shi? Akwai mutum a bayansa, a tsugune, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirjinsa cikin sulke, ƙwaurinsa a ɗaure da makari, hannunsa na hagu cikin wata babbar safar fata mai kauri. Wannan shi ne mai cafewa. Cikin mutum taran nan shi kaɗai ke fuskantar fili gaba ɗaya. Sauran takwas shi suke kallo.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne asirin yake. Kafin kowace jifa, mai cafewa ne ke yanke shawarar irin wadda za a yi. A zamanin Campanella, yakan sauke hannunsa na dama tsakanin cinyoyinsa, inda abokan karawa ba za su hanga ba, ya nuna yatsa ɗaya, wato a sako mai gudu a miƙe, ko ya nuna biyu, wato a sako mai lanƙwasa, sa'an nan ya gyara zaman safarsa don mai jifa ya san inda ake so ƙwallon ya sauka, kusa da jikin mai bugu ko nesa da shi, sama ko ƙasa. Mai jifa yana da ikon girgiza kai ya ƙi, amma wasa ba ya tafiya daidai sai in ya amince da mutumin da ke gabansa. Saboda haka wajibi ne mai cafewa ya haddace halin kowane mai bugu da ke cikin gasar: wane ne ke son ƙwallo sama, wane ne ke jin tsoron wanda ya raɓi jikinsa, wane ne ke yin gaggawa in an ƙure shi. Wajibi ne kuma ya san halin nasa mai jifa, ya gane lokacin da damtsensa ya fara gajiya tun kafin shi mai damtsen ya yarda, ya san wanda ake lallashi da wanda sai an yi masa tsawa. Bayan wannan duka, in wani ɗan wasan abokan karawa da ke zango na farko ya tashi da gudu don ya saci na biyu, mai cafewa ne zai zabura daga tsugune ya harba ƙwallon ya riga shi isa.

Jiki kuwa yana biyan farashi. A wasa ɗaya mutum zai tsuguna ya tashi fiye da sau 100. Ƙwallon da ya goga gefen kulki yakan sauya hanya ya sauka kan yatsa, ko kafaɗa, ko maƙogwaro. A zamanin da muke magana a kansa, mai gudun da ke neman shiga gida yana da damar banke mai cafewa da dukan ƙarfinsa don ƙwallon ya suɓuce. Da wuya ka ga tsohon mai cafewa na wancan zamani wanda yatsunsa ke miƙe.

Mun ga aikin. Yanzu bari mu juya ga tarihi, domin akwai wani abu da ya faru a 1884 wanda in ba mu san shi ba, ba za mu iya auna nauyin abin da Campanella ya ɗauka ba.

A shekarar nan wani baƙar fata mai suna Moses Fleetwood Walker ya yi wa ƙungiyar garin Toledo wasa a ɗaya daga cikin manyan gasannin lokacin, kuma shi ma mai cafewa ne. Gwanin masu jifan ƙungiyar, wani farar fata da ake kira Tony Mullane, ya faɗa da bakinsa bayan shekaru masu yawa cewa bai taɓa aiki da mai cafewar da ya kai Walker ba, amma saboda ƙyamar da yake yi wa baƙar fata, ba ya duban alamarsa, abin da ya ga dama shi yake jefawa. Ku dubi wannan zalunci, jama'a. Mutum yana tsugune, da kayan kariya 'yan kaɗan irin na wancan zamani, ana harbo masa abu mai tauri bai san ta inda zai karkata ba, kuma wanda ke harbowar abokin aikinsa ne. Kafin shekarun 1880 su ƙare, masu ƙungiyoyi sun haɗa baki sun rufe wa baƙaƙe ƙofa. Ba a rubuta dokar a littafin manyan gasanni ba, amma an yi kusan shekara 60 ana aiki da ita. Baƙaƙe suka kafa nasu gasanni, suka riƙa yin wasansu.

Cikin wannan hali aka haifi Roy Campanella, a birnin Filadelfiya, ran 19 ga Nuwamba 1921. Mahaifinsa, John, ɗan asalin tsibirin Sisili ne na ƙasar Italiya, mai tallan kayan lambu. Mahaifiyarsa, Ida, baƙar fata ce. A hukuncin Amurka ta wancan lokaci, ɗigon jinin baƙi ya isa a lissafa mutum cikin baƙaƙe, saboda haka sunan Italiyanci bai buɗe masa kowace ƙofa ba. Yaro ne gajere, kakkaura, mai ƙarfin damtse da yawan fara'a. Yana ɗan shekara 15, a 1937, ƙungiyar Elite Giants, wadda daga baya ta zauna a birnin Baltimo, ta ɗauke shi, kuma da ya cika 16 sai ya bar makaranta ya rungumi wasan gaba ɗaya.

A nan Allah Ya haɗa shi da malaminsa. Mai horar da ƙungiyar, wanda kuma shi ne babban mai cafewarta, wani mutumin jihar Texas ne mai suna Biz Mackey, wanda masana tarihin wasan suka yi ittifaƙi a kan cewa a fannin tsaro da sarrafa masu jifa da wuya a sami kamarsa a zamaninsa, cikin baƙaƙe ko farare. Mackey ya zaunar da yaron kusa da shi. Ya koya masa yadda ake dasa ƙafa, da yadda ake tare ƙwallon da ya bugi ƙasa da ƙirji maimakon a bi shi da hannu, da yadda ake sakin jifa zuwa zango na biyu ba tare da ɓata ko ƙiftawar ido ba, da kuma abin da ya fi waɗannan duka, wato yadda ake karanta mai bugu daga tsayuwarsa da riƙon kulkinsa. Mu da muka tashi a ƙasar da ake zama gaban malami a zaure, almajiri ya ɗauki karatu baki da baki har a ba shi ijaza, shi ma ya zaunar da nasa, a riƙa lissafa silsila daga wane zuwa wane, ba za mu yi mamakin wannan tsari ba. Campanella bai taɓa ɓoye isnadinsa ba. Har ƙarshen ransa, in aka yaba masa, sunan Mackey yake ambata.

Rayuwar gasar baƙaƙe kuwa wahala ce tsantsa. Tafiya cikin tsohuwar bas dare da rana, barci a kan kujera, cin abinci a tsaye a bayan kanti domin an hana su shiga ta gaba. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya taɓa yin wasa huɗu a yini ɗaya. In damina irin tasu ta wuce, sanyi ya shigo, sai ya tsallaka ƙasashen kudu, su Kyuba da Fotoriko da Benezuwela, ya ci gaba da neman abinci, kuma ya yi wasa a Meziko, a garin Monterrey. A waɗannan shekaru akwai wani mai cafewa da ya sha gabansa wajen bugu, wato Josh Gibson, wanda shi Campanella ya yarda ya fi shi. Gibson ya rasu a watan Janairu 1947 yana da shekara 35, wata uku kacal kafin a buɗe ƙofar da ya yi rayuwarsa yana jira. Za mu koma kansa wata rana.

To, yaya aka yi ƙofar ta buɗe? A watan Oktoba 1945, shugaban ƙungiyar Dodgers ta unguwar Buruklin a birnin Niyok, Branch Rickey, ya kira Campanella ofishinsa. Ya daɗe yana yi masa tambayoyi, sa'an nan ya ce yana so ya yi masa wasa. Campanella ya zaci wata ƙungiyar baƙaƙe ce da ake raɗe-raɗin Rickey zai kafa, don haka ya ce ya gode, yana jin daɗin inda yake. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan wasa baƙar fata, Jackie Robinson, ya shaida masa cewa shi ya sa hannu, kuma maganar ta shiga gasar farare ce. Nan take Campanella ya aika wa Rickey saƙo. A farkon 1946 ya sa hannu, ya yarda da albashin da bai kai rabin wanda yake samu a da ba, ya kuma yarda a tura shi ƙaramar gasa, alhali ya riga ya yi shekara 9 yana karawa da gwanaye.

Garin Nashua aka tura shi, a jihar New Hampshire, shi da wani saurayi mai jifa, Don Newcombe, bayan wata ƙungiyar ta ƙi karɓarsu. Mai horarwa a can, Walter Alston, bai daɗe ba ya gane cewa wannan sabon ɗan wasa ya fi kowa a ƙungiyar sanin wasan. Sai ya tara 'yan wasa ya ce duk ranar da alƙali ya kore shi daga fili, Campanella ne zai riƙe ƙungiyar. Ranar kuwa ta zo. Ana cin su, Campanella ya tayar da Newcombe daga benci ya ce ya je ya buga, Newcombe ya ɗaga ƙwallo ya haye katanga, bugun da ke ba mutum damar kewayowa gida ba mai tare shi, aka yi kunnen doki, daga ƙarshe suka ci wasan. A Amurka ta 1946, baƙar fata ya ba farare umurni a fili, sun bi, sun yi nasara.

Wannan ya kawo mu ga mas'alar da na fi so ku riƙe. Jackie Robinson ne baƙar fata na farko da ya shiga babbar gasa tun bayan rufe ƙofar, ran 15 ga Afrilu 1947, kuma duk wani yabo da aka yi masa ya cancanta, domin zagi da barazanar da ya haɗiye a shekarar nan ba kowane namiji zai iya ba. Amma abin da aka nema daga abokan wasan Robinson shi ne su yi haƙuri da zamansa cikinsu. Campanella kuwa, da ya shigo a watan Afrilu 1948 yana ɗan shekara 26, bayan ya yi shekara guda a Montreal ta Kanada, abin da aikinsa ke nema daga gare su shi ne ɗa'a. Dole mai jifa, farar fata, wani ma daga jihohin kudu inda wariya ta fi tsanani, ya sunkuyo ya dubi yatsun baƙar fata, ya yi abin da yatsun suka ce, sau 100 da wani abu a kowane wasa, a gaban dubban jama'a. Abin da Mullane ya hana Walker ke nan. Kuma sun ba shi. Preacher Roe, mutumin jihar Arkansas, ya yi shekarunsa mafi kyau yana bin alamar Campanella. Carl Erskine ya yi wasa biyu cur ba wanda ya iya bugun ƙwallonsa ya isa zango, kuma duka biyun Campanella ne a gabansa. Sal Maglie, wanda ya daɗe yana ƙungiyar abokan hamayyarsu, ya kuma shahara da jifa kusa da haɓar mai bugu, da ya zo Dodgers a 1956, shi ma ya yi irin wannan bajinta da Campanella. Abin da ya sa suka bi shi a fili yake. Sun gwada, sun ga in sun bi shawararsa suna cin wasa. Ilmi ne ya saya masa ɗa'arsu.

Ba zan ɓoye muku ba cewa tsakaninsa da Robinson an sami saɓani. Robinson mutum ne mai zafin zuciya kan haƙƙi, ba ya ganin zalunci ya yi shiru, kuma yana ganin Campanella ya cika sassauci da godiya kan abin da tun asali haƙƙinsu ne. Campanella kuwa, wanda ya san ɗacin bas ɗin nan ta gasar baƙaƙe tun yana yaro, yana tsoron kada yawan magana ya sa a sake rufe ƙofar. A ra'ayina Robinson ya fi shi gaskiya kan wannan, domin wariya ba ta taɓa kaucewa don an yi mata ladabi. Amma ina ganin waɗanda suka ɗauki sassaucin Campanella a matsayin rauni ba su yi masa adalci ba, domin ba su lura da cewa aikinsa kullum shi ne sarrafa zukatan mutane masu girman kai, kuma wanda ke wannan aiki dole ya iya tausasa harshe.

Bari in yi ɗan ratse, don ku ga darajar waɗannan yatsu. A ƙarshen kakar 1951, Dodgers da Giants, maƙwabtansu a Niyok, suka yi kunnen doki, aka shirya wasa uku don raba gardama. Campanella ya ji rauni a cinya, bai buga na ƙarshe ba. Ran 3 ga Oktoba, a zagayen ƙarshe, Bobby Thomson na Giants ya ɗaga ƙwallo ya haye katanga, Dodgers suka faɗi. Bayan shekara 50, a 2001, aka fallasa cewa a watannin ƙarshe na kakar nan Giants sun ajiye mutum da tabarau mai hangen nesa a wani ɗaki can ƙarshen filinsu, yana leƙen yatsun masu cafewar abokan karawa, yana aika labari da ƙararrawar lantarki. Thomson ya musanta cewa an tsegunta masa wannan jifa ta ƙarshe. Ko ma mene ne gaskiyar, ƙungiya ba za ta ɗauki wannan ɗawainiya don satar abin da ba shi da tsada ba.

Mu komo kan hanya. Sau uku marubutan wasanni suka zaɓi Campanella gwarzon ɗan wasan gasarsu, a 1951, da 1953, da 1955. A 1953 ya ɗaga ƙwallo ya haye katanga sau 41. Masu satar zango kuwa sun sha wuya a hannunsa, domin ya kama fiye da rabin waɗanda suka gwada, kuma har yau sunansa ake gani a saman wannan lissafi. Amma abin da mutanen Buruklin ke nema shi ne kofin ƙarshe, wanda suke kira World Series, domin a zamaninsa duk lokacin da suka kai nan, ƙungiyar Yankees ce ke tare musu hanya. A 1955 aka kai wasa na bakwai, na raba gardama, ran 4 ga Oktoba, a filin Yankees. Mai jifan Dodgers yaro ne ɗan shekara 23, Johnny Podres. Campanella ya riƙe shi zagaye tara, wato wasan gaba ɗaya, Yankees ba su ci ko maki ɗaya ba, kuma makin farko cikin biyun da Dodgers suka ci, Campanella ne ya shigo da shi gida da ƙafarsa. Shi ne kofi na farko, kuma na ƙarshe, da ƙungiyar ta ci tana Buruklin.

A lokacin nan hannuwansa sun riga sun fara lalacewa. Ƙashin hannunsa na hagu ya karye a 1954, an yi masa aiki, jijiya ta taɓu, kuma a shekarunsa biyu na ƙarshe bugunsa ya yi ƙasa sosai. Duk da haka yana da kyakkyawan fata, domin ƙungiyar za ta ƙaura zuwa Los Anjalis a 1958, kuma katangar sabon filin ta ɓangaren da ya fi bugawa kusa take.

Jama'a masu sauraro, ƙaddara ta riga fata. 'Yan wasan wancan zamani sukan riƙe wata sana'a a gefe, shi kuwa yana da kantin sayar da giya a unguwar Harlem. Ran 28 ga Janairu 1958, cikin dare, yana komawa gidansa a Glen Cove cikin motar haya, sai ya taka ƙanƙara a wata kwana, motar ta zame ta bugi turken waya ta kife. Ƙasusuwa biyu na wuyansa suka karye, laka ta taɓu. Daga kafaɗa zuwa ƙasa jikinsa ya mutu. Yana da shekara 36. Bai taɓa buga wa Dodgers wasa ko ɗaya a Los Anjalis ba.

Ya yi watanni a kwance, an ɗaure kansa da ƙarfe, kuma bai ɓoye cewa a farkon jarrabawar nan ya fid da rai ba. Kirista ne mai riƙo da addininsa, ya kuma faɗi cewa karatun Zabura ya taimake shi a waɗannan darare. Daga baya aka mai da shi cibiyar farfaɗo da nakasassu ta Dokta Howard Rusk a Niyok, inda sannu a hankali, da motsa jiki mai tsanani, damatsansa suka komo da ɗan ƙarfi, har ya iya ciyar da kansa da taimakon wani ƙarfe da ake ɗaura masa, ko da yake yatsun nan da suka yi shekara 20 suna ba da umurni ba su sake motsi yadda ya kamata ba. Bai daɗe ba ya fara gabatar da shirin rediyo kan wasanni, kuma a 1959 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa.

Ran 7 ga Mayu 1959, Dodgers da Yankees suka yi wasan sada zumunta a Los Anjalis don tara masa kuɗin magani. Mutum 93,103 suka hallara, a birnin da bai taɓa buga wa ƙungiyar wasa a cikinsa ba. Tsohon kyaftin ɗinsa, Pee Wee Reese, shi ya turo kekensa zuwa tsakiyar fili, aka kashe fitilu, jama'a suka ƙyasta ashana. Wannan dare shi ne abin da galibin masu ba da labarinsa suke tsayawa a kai. Ni kuwa abin da ya biyo baya ya fi ɗaukar hankalina.

A wancan lokaci, kowace bazara ƙungiyar takan tafi sansanin horo a Vero Beach, jihar Filorida, kuma Campanella yakan tafi. Sai a ajiye kekensa a gefen fili, samarin masu cafewa su kewaye shi. Ba ya iya tsugunawa ya nuna musu. Ba ya iya riƙe ƙwallo. Da ido da baki kaɗai yake aiki: ya kalli yaro ya ce ƙafarka ta dama ta yi baya da yawa, ko ya ce ka yi saurin miƙewa, ko ya tambaye shi dalilin da ya sa ya nemi mai lanƙwasa a wancan wuri, ya sa shi ya kare hujjarsa. John Roseboro, wanda ya gaje shi, ya ɗauki karatu a gabansa, kuma da shi ƙungiyar ta ci kofi a 1959. Mike Scioscia ya ɗauka, ya yi shekaru yana riƙe da wannan matsayi a Dodgers, daga baya ya zama mai horarwa, ya ci kofin ƙarshe da ƙungiyar Angels a 2002. Mike Piazza ma ya riske shi a ƙarshen rayuwarsa. Ku lissafa da ni: daga Mackey zuwa Campanella, daga Campanella zuwa Roseboro da Scioscia, daga su zuwa waɗanda suka horar. Wuya ya karye, amma karatu bai yanke ba, domin sana'ar tun asali ilmi ce.

Akwai wani abu mai sosa rai a nan. A shekarun da ake wannan karatu na farko, Biz Mackey yana zaune a Los Anjalis ɗin nan, yana tuƙa injin ɗaga kaya don ya ci abinci. Ya rasu a 1965, kuma ba a shigar da sunansa zauren girmama gwanayen wasan da ke Cooperstown ba sai a 2006. Almajirinsa ya riga shi shiga da shekara 37, domin an shigar da Campanella a 1969, baƙar fata na biyu bayan Robinson. A 1972 Dodgers suka jingine lambar rigarsa, 39, ba wanda zai sake sa ta.

Rayuwarsa ta gida ma ba ta tsira daga girgizar hatsarin ba, aurensa na lokacin ya mutu. A 1964 ya auri Roxie Doles, wadda ta tsaya kansa dare da rana har ƙarshe, kuma tare suka kafa gidauniyar da ke biya wa ɗalibai masu koyon aikin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai kuɗin karatu. A 1978 suka ƙaura Kalifoniya, ya ci gaba da yi wa ƙungiyar aiki, yana ziyartar asibitoci yana zama da waɗanda suka sami irin rauninsa. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 26 ga Yuni 1993, yana da shekara 71.

A nan za mu dasa aya, jama'a masu sauraro. Kafin in yi sallama, ina miƙa gaisuwa ta musamman ga waɗanda ke sauraronmu daga kan gadon jinya ko daga kan keke, musamman waɗanda hatsarin hanya ya taɓa musu laka, da kuma iyaye da mata da 'yan'uwa da ke juya su, suna wanke su, suna ba su abinci a baki. Allah Ya ba ku lafiya, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko labarin Josh Gibson, wanda na yi muku alkawari.